Bishara a Ƙafa Take: Abin da Tsoro Ya Canja a Zariya

Ranar Lahadi da safe, kafin ka kai ƙofar majami'armu sai ka ratsa shinge biyu. Na farko durom-durom ne da aka ɗura wa kankare aka jera a bakin hanya don kada mota ta matso. Na biyu samari ne biyu, ɗaya riƙe da 'yar na'urar nan mai tsuwa in ta ji ƙarfe. Yaron ya san ni sarai, ni na koya masa haddar ayoyi a makarantar Lahadi, amma sai ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, a yi haƙuri," sannan ya shafa mini ita gaba da baya. Mata tuni suka daina zuwa da manyan jakunkuna. Littafi Mai Tsarki a hannu, kuɗin baiko a cikinsa, shi ke nan. Yaran da suka taso a 'yan shekarun nan ba su san wata shiga coci ba sai wannan. A wurinsu daga nan sujada take farawa.

Tsarin ya kankama ne bayan Lahadi 17 ga Yuni, 2012, ranar da bama-bamai suka tashi a majami'ar Katolika ta Christ the King da ke Sabon Gari, da ta ECWA da ke Wusasa, da wata ta uku a cikin Kaduna, duk a safiya ɗaya. Shekaru sun shuɗe, bam ya lafa, amma durom bai koma inda ya fito ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Tun lokacin nake jin tambaya guda tana yawo a taron dattawa, a Zumuntar Mata, har a bakin 'yan ƙungiyar masu shelar Bishara ta Sabon Rai: a irin wannan zama, yaya za a ci gaba da shelar Bishara? Amsoshin da aka fi bayarwa biyu ne, kuma duka biyun an yi gaggawa a kansu. Wasu su ce tsoro rashin bangaskiya ne, a fita kawai, abin da zai faru ya faru. Wasu su ce zamani ya canja, kowa ya kama bakinsa ya riƙe addininsa a ciki. Dukansu baki suka sa wa ido, a yi magana ko kada a yi. Ni kuwa a ganina ɓarnar da tsoro ya yi mana a ƙafa ya yi ta.

Kafin in kai can, ya kamata a warware abin da muke dunƙulewa mu kira tsoro, don ba iri ɗaya ba ne. Akwai na tarzoma, wanda ya fi kowanne tsufa a garin nan: a ji an ce "an fara" a wani wuri, kasuwar Sabon Gari ta watse, iyaye su bazama makarantu neman 'ya'yansu. Akwai na bam, wanda ya zo da Boko Haram. Akwai na daji, na masu garkuwa da mutane. A watan Yunin 2021 sun shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a nan Zariya suka tafi da malamai da ɗalibai. Ba a cika wata guda ba, ranar 5 ga Yuli, suka kwashe ɗalibai fiye da 100 daga sakandaren Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun.

Gaskiya ne da gangan aka nufi majami'u a 2012. Amma bam ɗin da ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari ranar 7 ga Yuli, 2015, ma'aikata ya tarar a layin tantancewa, Musulmi da Kirista. A Zariyar nan aka harbe Sheikh Auwal Albani a watan Fabrairun 2014, tare da matarsa da ɗansa. Manoman Giwa da Birnin Gwari da ake ɗauka a gona, yawancinsu masu salla ne. Na kawo wannan ne don mu Kirista mukan yi magana kamar mu kaɗai ake farauta, kuma wanda ya ɗauka shi kaɗai ke kuka ba ya zuwa ta'aziyyar kowa.

Sai kuma tsoron furuci. Tun da aka kashe Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayun 2022, bayan wani saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, iyaye da yawa sun ja wa 'ya'yansu kunne: in an ɗauko zancen addini a makaranta, ka tashi ka ba su wuri. Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 38, ya ba kowa 'yancin riƙe addininsa, da sauya shi, da yaɗa shi. Sai dai takardar tana Abuja, kai kuma kana cikin lungu.

Masu cewa yanzu ne lokaci ya ɓaci, su ɗan waiwayi yadda abin ya faro. Bishara ba ta shigo ƙasar Zazzau cikin kwanciyar hankali ba. A Girku Walter Gowans ya mutu a 1894, ɗaya daga cikin mutum uku da suka sauka Legas a 1893 da niyyar shigowa ƙasar nan. Aikin da suka faro shi ya zama ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta haifi ikilisiyar ECWA a 1954. A 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin Angilika da ayarinsa, ciki har da Likita Walter Miller, suka isa Kano, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari, suka dawo Girkun nan suka yada zango. Sai a 1905 Miller ya samu zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, da ɗan ɗakin shan magani da makaranta. Turawan mulki ma ba so suke ba, don Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba. Shi kansa Miller, a faɗi gaskiya, mutum ne mai kaifin harshe da son sa baki a sha'anin sarauta, kuma wani abu daga cikin zargin da ake yi wa mishan har yau daga irin wannan ya samo tushe.

Labarin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne na Isawa. Almajiran wani malamin Kano ne, Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa bincike a kan Annabi Isa har abin ya kai ga an kashe shi a Kano a ƙarni na 19. Mabiyansa suka watse, wasu Ningi, wasu ƙauyukan Zazzau, suna riƙe da abin da ya koya musu, ba majami'a, ba fasto, ba Littafi Mai Tsarki. A 1913 wasu daga cikinsu suka zo wurin Miller da ƙafarsu. Aka kafa mazauni a Gimi, ana murna an samu garin masu bi, sai ƙudan tsando ya kawo ciwon barci ya yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Waɗanda suka rage aka kwaso zuwa Zariya. Duk wanda ya tsaya a Gimi a shekarun nan zai rantse magana ta ƙare. Daga cikin Isawan nan ne gidan su Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

A 1929 mishan ta bar birni ta koma Wusasa, gindin dutsen Kufena. Je ka dubi tsohuwar majami'ar St. Bartholomew: ginin ƙasa ne, da bakan gizo irin na soron Hausa. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa. Asibitin St. Luke ya zama wurin zuwan marasa lafiya daga birni da ƙauyuka, Musulmi da Kirista. A Wusasan nan Likita Barau Dikko ya tashi, likitan farko daga Arewa. A nan Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciya, mahaifinsa mai bishara ne. Mutanen nan ba baƙi ba ne a idon maƙwabtansu. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, gaisuwa ɗaya, wani lokacin ma kaka ɗaya. In mutum ya ji Bishara a wancan zamani, daga bakin wanda ya sani ya ji ta: ungozomar da ta karɓi haihuwar matarsa, malamin da ya koya wa ɗansa lissafi, abokin da suke gona da gona. Ya karɓa ko bai karɓa ba, gobe ma za su gaisa.

Watan Maris na 1987 ne ya fara tsinka wannan igiya. Rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Kaduna, Zariya, Funtuwa, har Katsina. An ƙone majami'u masu yawa a Zariya. Cikin waɗanda aka ƙone wa coci da gida akwai wani matashin fasto na Angilika, Benjamin Kwashi, wanda daga baya ya zama Babban Bishop na Jos, kuma abin da aka san shi da shi a lokacin shi ne ya hana mutanensa ramuwa. Amma bayan toka ta huce, wata magana ta fara yawo a tsakanin matasa: an mari kuncin dama mun juya na hagu, an mare shi, to ai babu kunci na uku. Kafin a wuce Zangon Kataf a 1992, da rikicin Shari'a na Kaduna a 2000, da na bayan zaɓen Afrilun 2011, maganar ta riga ta yi jijiya. Mun ga 'ya'yanta a ranar 17 ga Yunin nan ta 2012. Da labarin bama-baman ya bazu, samari a kudancin garin Kaduna suka tare hanya suka huce a kan Musulmi matafiya da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, har Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita ta awa 24. Da safe duniya tana tausaya wa ikilisiya. Kafin magariba ana ƙirga gawawwakin da 'ya'yan ikilisiya suka kayar.

Na san zafin da ke bayan maganar kunci na uku, kuma wanda bai taɓa neman ɗan'uwansa a ɗakin ajiye gawa ba kada ya yi saurin yi wa mai ita wa'azi. Littafi Mai Tsarki ma bai mai da taka-tsantsan zunubi ba. Yesu da kansa ya ce wa almajiransa in an tsananta musu a wannan gari su gudu zuwa wancan, a Matiyu sura 10, inda kuma ya ce su yi wayon maciji da rashin ɓarnar kurciya. Bulus a cikin kwando aka zurara shi ta katangar Dimashƙu da dare. Da za a yi masa bulala a Urushalima, sai ya tuna wa jami'in soja cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, wato ya nemi haƙƙinsa a doka, kamar yadda mai bi a yau zai tsaya a kan sashe na 38. Saboda haka durom ɗin bakin cocinmu bai rage wa kowa bangaskiya ba. Tsare ƙofa daban, fita farauta daban. Daren da aka kama Yesu Bitrus ya zare takobi, aka ce masa ya mayar da shi kube.

Akwai kuma wani abu da ba mu cika lura da shi ba. Da aka jajjefe Istifanas masu bi suka watse daga Urushalima, Ayyukan Manzanni sura 8 ta ce duk inda suka je suna ta ba da labarin. Masu wa'azi suna son wannan wuri, su ce ai tsanani shi ke yaɗa Bishara. Amma a duba inda mutanen suka nufa. Cikin jama'a suka gudu, har Samariya, wurin waɗanda kakanninsu ba sa ga maciji da su. Mu kuwa da muka gudu, wurin junanmu muka gudu.

A Kaduna abin a fili yake: bayan 2000 kogi ya zama iyaka, Musulmi suka tattaru a arewa, Kirista a kudu. A Zariya bai kai haka ba, amma duk bayan tarzoma sai ka ga akori-kura ɗauke da katifu da tukwane, wannan ya nufi Wusasa ko wani sashen Sabon Gari ko Samaru, wancan ya fito daga can ya nufi inda 'yan'uwansa suke. Ba na zargin kowa. Mu ma mun tashi daga Tudun Wada a 2011, gidan da aka yanke mini cibiya. Wa zai so ya kwana da ido ɗaya a buɗe? Sai dai Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma Bulus ma, da ya zo yabon masu kawo albishir a Romawa sura 10, ƙafafunsu ya yaba. In ƙafa ta daina zuwa, me ya rage?

Abin da ya rage shi ne lasifika. Ta ƙara girma, ta ƙara ƙara, amma waɗanda take isa wa su ne dai masu zuwa cocin. A yi taron falkaswa kwana uku, fili ya cika, a ƙirga waɗanda suka fito gaba a yi murna. In ka bincika, 'yan wata ikilisiya ne daga tsallaken titi. Tumaki ne ke sauya garke, muna rubuta rahoton girbi. A gefe guda yaro ya tashi har ya gama sakandare bai taɓa cin abinci a gidan Musulmi ba, abin da ya sani game da su bidiyon da aka turo wa mahaifiyarsa ne a waya. A can ma akwai yaron da bai san Kirista ba sai a irin wannan bidiyo. Ranar da aka ce "an fara," waɗannan yara biyu ne za su haɗu a titi.

Wanda ya fi kowa shan wahalar wannan rabuwa shi ne Bahaushe Kirista. Masihiyawa suna nan da yawa, a Wusasa da ƙauyukan Giwa, Ikara, Kudan, Maƙarfi, har cikin Katsina da Kano. Mutum da rigarsa da hularsa, Hausa tsantsa a bakinsa, in ya zo wata majami'ar cikin gari sai masu tsaron ƙofa su tsare shi da tambayoyi fiye da kowa. Na ga an sa wani dattijo, wanda kakansa ya yi baftisma tun kafin a haifi iyayen masu tambayar, ya karanto Addu'ar Ubangiji kafin a bar shi ya shiga. Ya karanta, ya shiga, ya zauna a bencin baya bai ce uffan ba har aka tashi. A can gida kuma ana ganinsa wanda ya bar dangi. Alhali shi ne gadar da ta rage mana: shi ya san yadda ake shiga zaure, yadda ake gai da malami, abin da ake faɗa a wurin suna da wanda ba a faɗa. Muna ta mai da sujada Turanci zalla a cikin gari, sannan muna mamakin yadda maƙwabta ke kallon addinin a matsayin kayan baƙi.

Waɗanda ƙafarsu ba ta daina zuwa ba su ne masu bishara na ƙauye. Tun 1948 ƙungiyar EMS, wadda ke ƙarƙashin ECWA a yau, take aika 'yan ƙasa irin wannan aiki, sauran ikilisiyoyi ma suna da nasu. Aikin ba shi da ado. Mutum ya yi noma kamar kowa, matarsa ta koya wa mata karatu da yamma, in an yi haihuwa ya je barka, in an yi rasuwa ya zauna a tabarma, in yaro ya yi zazzaɓi cikin dare ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Wa'azinsa na Lahadi wataƙila mutum goma sha biyu ne ke ji. Shi ne kuma mafi sauƙin ɗauka ga 'yan bindiga, don sun san akwai ikilisiya a bayansa da za ta yi karo-karo. In abin ya faru, sai a sayar da masarar da aka ajiye don damina, a bi coci-coci da kwanon baiko na musamman. A nan ina da magana da kwamitocinmu na birni. Wanda ba zai iya kwana ɗaya a ƙauyen ba, bai kamata ya karanta wa mai bishara ayar rashin tsoro ba alhali albashinsa na wata uku bai fita ba. In dattawan wuri suka ce ya kwashe iyalinsa zuwa gari har ƙura ta lafa, a bar shi ya kwashe, kada a kira shi mai ja da baya.

Tsoro kuma kasuwa ce, kuma akwai masu cin ta a cikinmu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsanani, masu sayar da man shafewa da annabcin "na ga makiyinka a mafarki" suka ƙara samun ciniki. Irin wannan wa'azi kullum yana bukatar maƙiyi, kuma mai saurare ba ya rasa wanda zai liƙa wa. Ga kuma jaruman Facebook, masu zagin abin da wasu ke girmamawa su kira shi kare bangaskiya. Bitrus, wanda ya taɓa zare takobin nan, shi ne ya rubuta daga baya cewa mai bi ya kasance a shirye ya ba da amsa ga duk wanda ya tambaye shi dalilin begensa, amma da tawali'u da ladabi. A lura, wanda ya tambaye shi. Ba a tambayar mutumin da ba a zama da shi. Mai zagi daga ɗakinsa a wata ƙasa kuwa, ba shi zai kwana a unguwar da maganarsa za ta sauka ba.

Wasu sun gwada komawa da ƙafa. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwa a rikicin nan dai, sun haɗu a 1995 suka fara aikin sasanci tare a Kaduna, kuma babu wanda ya bar addininsa a cikinsu. Akwai masu ganin irin wannan sassauci ne. Ni dai ban ga yadda za ka ba mutum labari mai daɗi ba alhali yana tsoron ka matso kusa da shi.

Kwanakin baya aka aiko mini cewa tsohon maƙwabcinmu na Tudun Wada ya rasu. Na yi ta juya abin a raina har kwana biyu, don rabona da lungun tun ranar da muka ɗora kaya. Ranar sadakar uku na hau Keke Napep na tafi. Na zauna a tabarma a ƙofar gida, aka yi addu'a na sunkuyar da kai. Samarin da ke wurin ba wanda ya san ni, suna ta satar kallona, sai da babban ɗansa ya fito ya riƙe hannuna ya ce musu, "Wannan yayana ne, katanga ɗaya ta raba mu."

Aka yi mini iso cikin gida. Inna tana zaune a bakin ɗakinta, idonta ya yi rauni, sai da na yi magana ta gane ni.

"Ɗan nan, ashe kana duniya?"

"Ina nan, Inna. Ya haƙuri? Allah ya ba da dangana."

"Haƙuri sai ma'abocinsa. Mamanka ta rasu, sai a bakin mutane na ji. Ko aike ba ku yi ba."

Ban sami abin cewa ba, don gaskiya ta faɗa. Ta kira wata jikarta ta raɗa mata magana. Yarinyar ta shiga ɗaki ta daɗe tana motsa kwanuka, ta fito da wata langa mai fure, bakin murfin ya ɗan ɓantare. Na gane ta nan take. A cikinta mahaifiyata take aika musu shinkafar Kirsimeti kowace shekara, su kuma su dawo da ita da naman layya in Babbar Salla ta zo. Ta ƙarshe ita ce ta Disambar 2010; kafin Salla ta zagayo mun tashi.

"Ba a mai da kwano haka nan," in ji Inna. Ta sa aka cika ta da dambun nama, aka ɗaure a ɗankwali aka miƙo mini.

Langar tana kan kabad a ɗakin girkinmu yanzu. Uwargida ta wanke ta, ta tambaye ni ko a ajiye ta cikin kayan Mama. Na ce ta bar ta a kusa, kuma in Disamba ta zo a ƙara mudu ɗaya a shinkafar.